Mor da Tindal: yadda fassarar kalmomi huɗu ta zama maganar kotu a Ingila

Duk wanda ya taɓa zama ajin fassara ya ji an ce babu kalmomi biyu daga harsuna biyu da ke cika juna daidai wa daida. Mukan rubuta wannan cikin kaye, mu haddace don jarrabawa, mu wuce. To akwai lokacin da wanga ƙaramin darasi ya kai mutane gaban alƙali. A Ingila ne, kusan shekara ɗari biyar da suka wuce, zamanin Sarki Henri na 8, tsakanin malamai biyu, Thomas More da William Tyndale. Zan rubuta su Mor da Tindal, yadda bakinmu zai fi saurin kamawa. Abin da nake so in nuna shi ne, kalmomin da suka yi faɗa a kansu kowace tana riƙe da wani iko, na kotu ko na kuɗi ko na sarauta, kuma abin da malamai suka yarda a faɗa da Latin ya zama laifi ranar da aka faɗe shi da harshen talaka.

Ƙasa ɗaya, harshe uku

Sai mun fara sanin wane harshe ke aikin mi a Ingila ta lokacin. Latin shi ne harshen coci da jami'a da rajistan kotu. Lauyoyi kuma suna da wani tsohon Faransanci nasu, gadon Normandawa da suka ci ƙasar a 1066, da shi ake koyon shari'a, da shi ake rubuta rahoton ƙararraki. Ingilishi kau na gida ne da kasuwa da mawaƙa. Mu da muka tashi harshen lakwal daban, na tsakar gida daban, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Har rai Latin yake ceta: wanda aka kama da babban laifi, in ya iya karanta aya guda ta Zabura gaban alƙali, sai a ɗauke shi malamin coci, ya tsira daga igiya.

Kotu ma iri biyu ce. Akwai ta sarki, akwai ta coci. Ta coci ce ke duba aure, da wasiyyar mamaci, da ushirin da ake biya wa coci, da zargin bidi'a. A 1401 majalisar dokoki ta yi dokar ƙone wanda aka tabbatar ɗan bidi'a ne ya ƙi janyewa. A 1409 kuma babban bishop na Kantabari, Thomas Arundel, ya hana kowa fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Ingilishi, ko karanta sabuwar fassara, sai da izinin bishop. Dalili shi ne almajiran John Wycliffe, waɗanda suka riga suka yi fassarar hannu suna yawo da ita.

Ga misalin yadda abin yake cizo. Wani ɗan kasuwar Landan mai suna Richard Hunne jaririnsa ya rasu a 1511. Fada ya nemi rigar baftismar yaron a matsayin ladan jana'iza, bisa al'ada. Hunne ya ƙi. Aka kai shi kotun coci, shi kuma ya kai ƙara kotun sarki. Sai aka kama shi da zargin bidi'a, cikin hujjojin har da Littafi Mai Tsarki na Ingilishi da aka ce nasa ne. A Disamba 1514 aka same shi a rataye cikin kason bishop. Mutanen gari da aka rantsar don binciken mutuwar suka ce kashe shi aka yi. Coci ta ce shi ya kashe kansa, ta yi wa gawar shari'a, aka ƙone ta. Daga rigar jariri fa aka fara.

Ƴan komawa tushe

Cikin wannan yanayi aka samu wani sabon salon ilimi da ya taso daga Italiya. Da Faransanci ana ce wa masu shi humanistes, ni zan kira su ƴan komawa tushe, don takensu ke nan: a bar sharhin sharhi, a koyi Girkanci da Ibrananci, a karanta tsohon nassi cikin harshensa. Makaminsu nahawu ne, kuma makami ne mai kaifi. A 1440 Lorenzo Valla ya duba Latin ɗin wata takarda da aka ce Sarki Konstantin ya mallaka wa Paparoma yammacin daular Roma da ita, ya nuna kalmomin cikinta ba na zamanin Konstantin ba ne. Takardar jabu ce, kuma harshenta ya tona ta.

Babban malaminsu a arewacin Turai shi ne Erasmus, mutumin Rotadam. A 1516, a birnin Bazel, ya buga Sabon Alkawari da Girkanci, gefe da gefe da Latin ɗin da ya gyara, ya sadaukar da aikin ga Paparoma Leo na 10. Cikin gabatarwa ya yi fatan mata da manoma da masaƙa su riƙa karanta nassi da harshensu.

Mor amininsa ne tun 1499. An haife shi a Landan a 1478, ɗan lauya, shi ma lauya, mai Girkanci, mai barkwanci. A wannan shekara ta 1516 ya fitar da Utopia, labarin wani tsibiri na ƙage inda dokoki kaɗan ne, babu lauyoyi, ba a tilasta wa kowa addini, kuma cikinsa ana sukar yadda Ingila ke rataye ɓarawon da yunwa ta sa sata. Amma ku riƙe wannan: da Latin ya rubuta shi, a ƙasar waje aka buga, kuma ba a fassara shi da Ingilishi ba sai 1551, bayan mutuwarsa.

Tindal ƙanen bayansa ne, an haife shi wajen 1494, ya yi karatu a Oksfod, ya zama fada. Ya ɗauki fatan Erasmus da gaske. A 1523 ya je Landan neman izini wurin Bishop Cuthbert Tunstall, wanda shi ma abokin Erasmus ne da Mor. Bishop ya ce babu wuri gidansa. Lokacin kau Martin Luther ya riga ya tada ƙura a Jamus tun 1517, kowace fassara ana jin warin Luther jikinta. Tindal ya ƙetare teku a 1524. Ya fara bugu a Kolon a 1525, hukuma ta farga, ya gudu da takardunsa zuwa Worms, inda aka gama a 1526. Ɗan ƙaramin littafi ne da ke shiga aljihu. Ƴan kasuwa suka riƙa cusa shi cikin dilar yadi suna wuce ƴan duwan. Tunstall ya sa aka ƙone shi a fili, gaban majami'ar Sen Pol. Kwafi uku kawai na wannan bugu aka sani sun kai zamaninmu.

Kalmomi huɗu

A 1528 Tunstall ya ba Mor izinin karanta haramtattun littattafai don ya mai da martani da Ingilishi. Littafinsa na farko kan bidi'a ya fito a 1529, Tindal ya amsa a 1531, Mor ya sake amsawa a 1532 da 1533 da wani tulin rubutu mai kalmomi kusan rabin miliyan. Akwai batutuwa da yawa ciki, amma zuciyar rigimar fassarar kalmomi huɗu ce na Girkanci.

Ta farko ekklesia. Asalin ma'anarta taron jama'ar da aka kira, tun kafin Kiristanci Girkawa ke kiran majalisar gari da ita. Ita ce ta zama église a Faransanci. Ingilishi yana da church, amma Tindal ya ƙi ta, ya sa congregation, wato taron jama'a. Hujjarsa: malaman coci sun ƙwace kalmar church, in talaka ya ji ta, bishop da fada yake gani, ba ya ganin kansa ciki. Mor ya ce congregation buhu ce da ke ɗaukar komi, taron Turkawa ma congregation ne. Ku duba abin da ke ƙarƙashi. In nassi ya ce a kai ƙarar ɗan uwa gaban ekklesia, gaban wa za a kai? Kotun bishop ko taron masu bi? Ikon shari'a ne ake ja.

Ta biyu presbyteros, wadda ma'anarta wanda ya fi tsufa, dattijo. Coci ta saba da priest, wato fada wanda bishop ya shafe da mai, mai ikon da sauran mutane ba su da shi. Tindal ya fara sa senior. Mor ya yi masa dariya, ya ce wannan ba Ingilishi ba ne. Tindal ya karɓi gyaran, a bugun 1534 ya sa elder, dattijo, amma bai koma priest ba. Abin sha'awa ga ɗalibin harshe, kalmar priest kanta, da prêtre ta Faransanci, presbyteros ce da baki ya tauna shekara da shekaru. Ta wajen asalin kalma Mor na da gaskiya, ta wajen ma'anar farko Tindal na da gaskiya. Sautin ya zo, ma'anar ta sake hanya.

Ta uku agape. Latin ta ce caritas, Ingilishi ya aro charity. Tindal ya sa love. Mor ya ce love ta ƙunshi har son da ke tsakanin saurayi da budurwa, charity kau ƙauna ce tsarkakakkiya don Allah, wadda ke haifar da aikin alheri, kuma ya zargi Tindal da son rage darajar aiki don ya bi Luther mai cewa bangaskiya kaɗai ke ceto. Amsar Tindal ta nahawu ce zalla: a Girkanci suna da aikatau tushensu ɗaya, love tana iya zama suna tana iya zama aikatau, charity kau ba ta da aikatau, ba ka iya umartar mutum da ita.

Ta huɗu metanoia, sauyin tunani ko juyowar zuciya. Latin ta fassara ta da yin paenitentia, wadda ta zama penance a Ingilishi: mai zunubi ya je wurin fada, ya furta laifinsa, a ɗora masa kaffara. Tindal ya sa repentance, tuba, abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. A nan ne kuɗi suke. A kan kaffara aka gina takardun sassaucin azaba da ake sayarwa, da addu'o'in da mutane ke barin dukiya cikin wasiyya don a yi musu bayan mutuwa. Cire kalma guda, ginin duk ya girgiza.

Maganar niyya

Yanzu ga wurin da ya fi jan hankalina. Tindal ya tuna wa Mor cewa amininsa Erasmus ya riga ya sa congregatio a madadin ecclesia a wurare cikin Latin ɗinsa, kuma ya riga ya nuna metanoia juyowar hankali ce. Don mi ba a ƙone littafin Erasmus ba? Mor bai musa ba. Ya ce bambancin niyya ce: bai ga mugun nufi wurin Erasmus ba, ya gan shi wurin Tindal. Har ya ƙara da cewa, yadda zamani ya lalace, in wani zai fassara littafin barkwancin Erasmus ko wasu nasa na kansa zuwa Ingilishi, gara ya ƙone su da hannunsa da a ce jama'a su yi musu mummunar fahimta.

Kada mu yi wa Mor ƙarya. Bai ce Ingilishi ya gaza ɗaukar nassi ba, ya ma kare harshen daga masu raina shi. Ya yarda a yi fassara, amma bishop ya duba ta, ya raba wa wanda ya amince da shi, wani a ba shi duka, wani a ba shi sashe. Tsoronsa kuma ba na banza ba ne: a 1525 manoman Jamus sun yi tawaye suna kafa hujja da nassi, aka kashe dubun dubatarsu. Sai dai tsoron ya kai shi nesa. Daga Oktoba 1529 zuwa Mayu 1532 shi ne Cansela, kamar a ce waziri kuma alƙalin alƙalai, kuma cikin wannan lokaci an ƙone mutum shida kan bidi'a, shi kuma ya rubuta cewa sun cancanta. Da wani tsohon lauya, Christopher St German, ya soki yadda kotun coci ke tuhumar mutum ba tare da an nuna masa mai ƙararsa ba, Mor ya fitar da littafi biyu a 1533 yana kare tsarin.

Shiru gaban alƙali

Sai ƙasa ta juya ƙarƙashin ƙafarsa. Henri yana son rabuwa da matarsa Katarina ya auri Anne Boleyn, Paparoma ya ƙi warware auren. Mor da Tindal, abokan gaba, duk biyu ba su goyi bayan sarki kan wannan ba. A 1534 majalisa ta yi dokoki uku: ta gadon sarauta, wadda ake rantsuwa a kanta, ta shugabanci, wadda ta ce sarki ne shugaban cocin Ingila, da ta cin amanar ƙasa, wadda ta ce ko da baki mutum ya hana wa sarki laƙabinsa, in da mugun nufi ya yi, hukuncinsa kisa.

A Afrilu 1534 Mor ya ƙi rantsuwa, ya kuma ƙi faɗin dalili. Aka kai shi kason Hasumiyar Landan. Lauya ne, ya san doka: ƙin rantsuwa ɗauri ne da ƙwace dukiya, magana ce ke kai mutum ga gatari. Baki shi ke yanka wuya, sai ya kulle nasa. Ranar 1 ga Yuli 1535, gaban kotu, ya kafa hujja da tsohuwar ƙa'idar shari'a cewa wanda ya yi shiru ana ɗauka ya yarda, ya kuma ce inda babu mugun nufi babu laifi a ƙarƙashin wannan doka. Kun ga? Ma'aunin da ya auna Tindal da shi, niyyar da ke bayan kalma, shi ne aka ɗora shi a kai, kuma wasu ne ke karanta zuciyarsa. Wani lauyan sarki, Richard Rich, ya ba da shaida cewa cikin hira a kaso Mor ya ce majalisa ba ta da ikon naɗa sarki shugaban coci. Mor ya ƙaryata shi. Aka same shi da laifi. Sai a lokacin ya buɗe baki, ya ce ƙasa guda ba ta iya yin dokar da ta saɓa wa cocin duniya duka. Ranar 6 ga Yuli aka sare kansa.

A daidai lokacin Tindal ma yana tsare. A Mayu 1535 wani Bature ɗan ƙasarsu, Henry Phillips, ya yaudare shi a Antwap, ya miƙa shi ga ma'aikatan Sarkin sarakuna Sharl na 5. Ya yi fiye da shekara a kason Vilvoorde kusa da Burusel, aka same shi da bidi'a, wajen Oktoba 1536 aka shaƙe shi, aka ƙone gawar.

Abin da masana ke cewa

Tun farko labarin ya rabu biyu. Surukin Mor, William Roper, ya rubuta tarihinsa a matsayin waliyyi. John Foxe, cikin littafin shahidan Furotesta na 1563, ya zana shi mai tsananta wa bayin Allah, Tindal kuma shahidi. A 1935, shekarar da Roma ta sa Mor cikin waliyyai, R. W. Chambers ya fitar da tarihinsa mai cike da yabo. Wasan kwaikwayon Robert Bolt na 1960 da fim ɗinsa na 1966 suka mai da shi gwarzon ƴancin ra'ayi. Daga baya G. R. Elton da Richard Marius suka ce a duba rubutunsa na bidi'a, mai zafi da zagi, kafin a yi masa wannan rawani. David Daniell kuma a 1994 ya ɗaga Tindal a matsayin wanda ya gina salon Ingilishin rubutu.

Ni na fi amfana da masu karanta su biyun tare, kamar Stephen Greenblatt a 1980 da Brian Cummings a 2002, wanda ya nuna yadda rigimar aƙida ta zamanin ke gudana cikin nahawu kansa. In an karanta su tare, za a ga lamirin da Mor ya mutu a kansa ba ra'ayin mutum ɗaya ba ne kamar yadda fim ya nuna. Nufinsa shi ne zuciya ta bi abin da coci duka ta haɗu a kai shekara dubu da ɗari biyar. A wurinsa jama'a da al'ada su ke ba kalma ma'ana. A wurin Tindal nassi na farko shi ke ba ta, kowa ya duba da idonsa. Duk ɗalibin harshe ya san wannan gardama, tsakanin asali da amfanin yau da kullum.

Ina kalmomin suka ƙare?

A 1537 Henri ya ba da izinin wani Littafi Mai Tsarki na Ingilishi wanda yawancinsa aikin Tindal ne, ba tare da sunansa ba. A 1539 aka fitar da babban bugu don ajiyewa a kowace majami'a. Amma a 1543 majalisa ta dawo ta hana leburori da almajiran sana'a da matan talakawa karanta shi. Wato sarkin da ya kashe Mor ya koma kan shawarar Mor, a raba karatu bisa matsayi. A fassarar Sarki Jems ta 1611 an ba masu aikin umarni a rubuce su bar church, kada su sa congregation. Charity ma ta dawo a wasu wurare. Elder da repent kau suka zauna, tare da mafi yawan jimlolin Tindal.

Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, shi ma sai da ya ratsa waɗannan kalmomi. Abin da Kiristoci Hausawa ke karantawa yau shi ne dattawa, ƙauna, tuba. A ta huɗun kuma an bar kalmar Girkancin aka sa mata rigar Hausa: ikkilisiya. Aro ma zaɓi ne, yakan kashe gardama, amma sai an samu mai bayani, kuma mai bayanin shi ke riƙe da ma'anar.

Da yawa cikinmu za su ƙare a gidan rediyo, ko tafinta a kotu, ko masu juya dokar filaye da ta zaɓe zuwa harsunan ƙasa. Ranar da kuka tsaya tsakanin kalma biyu, bayan kun duba ƙamus, ku ƙara tambaya ɗaya: in na sa wannan, wa zai ji da kansa, wa kuma zai buƙaci a fassara masa fassarar?